Yadda Ake Fitar da Man Darbejiya a Gida

Darbejiya baƙuwa ce daga Indiya, amma tun da aka fara shuka ta a Borno a 1928 ta zama 'yar gida. Inuwarta ta rufe titunan Maiduguri da Sakkwato, ƙananan furanninta farare na cika unguwa da ƙamshi, a kwarin Majiya na Nijar kuma an jera ta layi-layi don ta kare gonaki daga iska. Kafintoci na son katakonta saboda gara ba ta cika kama shi ba, masu zazzaɓi na dafa ganyenta. 'Ya'yan ne kawai ake bari suna ruɓewa a ƙasa, alhali a cikinsu man yake.

Sai sun nuna sun yi rawaya ake tsince su. Waɗanda jemagu suka tsotse suka yar sun fi sauƙin aiki, don an riga an rage maka wanki. Sauran a jiƙa su a ruwa, a murje naman da hannu har ƙwallon ya fita fes.

Shanya ita ce wurin da aka fi yin asara. A baza ƙwallayen a kan tabarma, a inuwa mai iska, ana juyawa har sai an girgiza ɗaya an ji ƙwayar ciki na motsi. Kada a zuba su a leda, gumi zai sa su yi fumfuna. Buhun algarara ko kwando ya fi. Duk wanda ya yi baƙi a zubar, kada a ji tausayinsa.

Daga nan a sa a turmi a sussuka a hankali, ɓawon ake so ya fashe, ba ƙwayar ba. A sheƙe, a mayar da ƙwayar a kirɓa har ta yi laushi tana danƙo. Turmin dai a ware masa nasa, in ba haka ba furar gidan za ta yi ɗaci har wani makon.

Sai matsa, kamar yadda ake yi wa tunkuza: ana yayyafa ruwan ɗumi kaɗan-kaɗan ana murzawa, har man ya fara tsattsafowa. Wanda ya yi gaggawar tuttula ruwa, kunu zai samu. A tace da ƙyalle mai tsabta, a zuba a kwalba a ajiye nesa da rana.

Ana shafa shi don ƙaiƙayi da kwarkwata, ana cuɗa ɗan kaɗan da wake kafin a ɗure a buhu don hana ƙwari. Ba a sha, musamman ba a ɗura wa jarirai, domin yana iya jawo amai da jijjiga. Tunkuzar da ta rage a kai gona, taki ce.