Yadda makaɗin Tasawa zai yanke shawara kafin ya sayi na'urar kiɗa ta analog

A shekarar 1978 Mamman Sani Abdoulaye ya naɗi kiɗansa a gidan rediyon ƙasa da ke Yamai, da wani fiyanon lantarki ƙirar Italiya mai suna Orla, wanda ya saya a hannun wani ɗan Ruwanda da suka haɗu ta hanyar aikin UNESCO. Kaset kaɗan ne aka buga. Kiɗan ya yi shekaru yana cike gurbi tsakanin shirye-shiryen rediyo da talabijin, har kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake fitar da shi a 2013, duniya ta ji. Yau samarin da ke da ɗan situdiyo a Tasawa ko Mayahi suna ganin na'urorin analog a waya, masu maɓallan murɗawa jere-jere da gefen katako, rai ya biya. Masu ba su shawara kuma yawanci ba su taɓa kunna irin wannan na'ura a watan Afrilu a ɗakin kwano ba.

Matakin farko shi ne mutum ya san abin da zai saya. Na'urar analog ba ta ajiye muryar kalangu ko ta sarewa a cikinta. Wutar lantarki ce ke kaɗawa cikin ƴan ƙananan kayan ƙarfe ta haifar da amo, makaɗi ya yi ta murɗa maɓalli yana sassaƙa shi. Minimoog, wadda kamfanin Robert Moog ya fitar a 1970, murya ɗaya tak take fitarwa a lokaci guda: ko an danna yatsu uku, ɗaya za a ji. Da yawa daga cikin waɗanda ƙananan kamfanoni ke haɗawa da hannu a Turai da Amurka haka suke har yau. Ba lasifika, ba ganga, wasu ma ba sa tuna sautin da aka wahala aka haɗa jiya.

Mataki na biyu, ya lissafa inda kuɗinsa ke fitowa. Idan biki ne da suna, da waƙar ƴan siyasa, da tallar gidan rediyon gari, to fiyanon Yamaha PSR yake bukata, magana ta ƙare. A kansa aka gina kiɗan fina-finan Kano tun ƙarshen shekarun 1990, kuma kunnen amarya da ƙawayenta shi ya sani. Mutum ɗaya zai ba da ganga da bas da sarewa da hannu biyu. Hama, makaɗin Yamai da Sahel Sounds ta fitar wa faifan Houmeissa a 2019, da tsohon Yamaha PSR-64 ya fara yin suna, kiɗansa na yawo daga waya zuwa waya. Analog kaya ne na biyu, ga wanda ya riga ya mallaki na farko.

To me ya sa za a so ta? Saboda akwai abin da take yi wanda PSR ba ya yi da daɗi. Murya ɗaya mai kauri da ke zamewa daga wannan amo zuwa wancan ba tare da yankewa ba ita ce hanyar goge da algaita, kuma analog ta gwanance a nan. Bas ɗinta ma yana cika ɗaki. William Onyeabor na Inugu ya gina waƙoƙinsa a kan irin wannan sauti tun ƙarshen shekarun 1970. Mai neman nasa salon yana da hujja.

Mataki na uku ba ya cin ko dala: ya sa manhajar VCV Rack a kwamfuta, kyauta ce, ko ya buɗe na'urorin da ke cikin FL Studio, ya yi wata guda yana haɗa sauti tun daga tushe. Wanda ya gaji a sati na biyu ya tsira da kuɗinsa.

Wuta ita ce mataki na huɗu, kuma a nan ake yawan asara. Yankin Maraɗi da Damagaram ya daɗe yana dogara da layin da ke shigowa daga Katsina ta Gazawa, kuma kowa ya ga yadda aka yi lokacin da Najeriya ta yanke wuta a watan Agustan 2023 bayan juyin mulki. Ko wutar NIGELEC ta zo, hawa da saukarta na iya ƙona na'ura, injin janareta kuwa ya fi muni. Dole a sa na'urar daidaita wuta a cikin lissafi, ko a zaɓi na'urar da ke aiki da batir. Ƙananan Korg Volca batir shida na tocila ƴan sirara suke ci, kuma sun dace da mai faranti na hasken rana a ƙauyukan Mayahi. Kayan da aka yi don Amurka wasu volt 110 suke ɗauka, wutar Nijar kuwa 220 ce, a karanta bayan na'ura kafin a jona. Sai caja. Kada a taɓa aron ta wani don bakinta ya shiga. Kayan Roland da Boss masu volt 9 sukan sa ƙarfen tsakiyar bakin caja ya zama mai alamar ragi (-), na Yamaha da Korg Volca kuwa akasin haka ne. Jonawa ɗaya ta kuskure ta isa ta tayar da hayaƙi.

Mataki na biyar shi ne gwaji, kuma shi ne wanda masu saye ke tsallakewa saboda kunyar mai kaya. Amon analog yana bin zafi. Da kayan cikinta suka ɗau ɗumi, sautin kan ɗan hau ko ya sauka, abin da PSR ba ya yi ko ana tafasa. A Jamus wannan ƙaramar matsala ce. A Tasawa, inda zafin bazara ke wuce digiri 40, yana iya sa na'ura ta rabu da mawaƙi a tsakiyar waƙa.

Ga yadda ake yi. A kunna ta a bar ta minti ashirin ba a taɓa ba. A buɗe manhajar auna amo a waya, irin ta masu jita, a danna madannin amon La na tsakiya a daidaita shi. Sai a danna La na can ƙasa da La na can sama. In na tsakiya ya zauna daidai amma na sama ya karkace sosai, ba maɓallin waje ne zai gyara ba, sai an buɗe ciki an saita da awo, aikin da ya fi ƙarfin mai gyaran rediyo da waya na bakin kasuwa, komai ƙwarewarsa a canza kafasita. Bayan awa guda a sake aunawa. Kuma a yi wannan gwaji da azahar, a waje ko a ɗakin da ba sanyi, don shagon da ke da na'urar sanyaya ɗaki yana rufa wa kaya asiri. Mai kayan da ya hana a yi haka ya riga ya ba da amsa.

Saboda wannan ne na'urorin da ke daidaita amonsu da kansu suka fi dacewa da ƙasar nan. Korg Minilogue, wadda ta fito a 2016, tana yin haka, tana ba da murya huɗu, tana kuma ajiye sautin da aka haɗa. Tsohuwar Roland Juno-106 ta 1984 ma amonta ba ya yawo, sai dai ta yi ƙaurin suna wajen mutuwar ƴan ƙwayoyin da ke ba da muryoyinta. Wanda ya gan ta cikin kayan gwanjo a Sabon Gari ta Kano ya danna madannai shida daban-daban ɗaya bayan ɗaya yana riƙe da su: in ɗaya daga cikin shidan ya yi shiru ko ya shaƙe, ya ajiye ta ya wuce.

Daga nan a murɗa kowane maɓalli daga farko zuwa ƙarshe ana saurare. Ƙarar ƙwas-ƙwas alamar ƙura ce, kuma hunturu ɗaya ya isa ya cika na'urar da aka bari a buɗe. Mayafi mai kauri a kanta kullum. Ba a fesa mata fetur ko man keke, akwai maganin wanke kayan lantarki na musamman.

A duba bakin MIDI ma. Da yawa daga ƙananan na'urorin analog ba su da madannai, sai an jona su da wani fiyano, alhali sababbin PSR masu arha bakin USB kawai gare su, ba su da zagayayyen nan mai rami biyar. Sai an nemi abin haɗawa a tsakani, wanda samunsa a Maraɗi sai an dace.

Kuɗi kuwa, Volca tana kaiwa wajen jaka ɗari a Turai kafin kuɗin ɗauko ta da na duwan. Behringer Model D, wadda kwaikwayon Minimoog ce, ta ɗara haka amma ba ta yi nisa ba. Minimoog ta ainihi da aka sake ƙerawa ta haura sefa miliyan uku, kuɗin da zai kafa situdiyo sukutum da faranti da batir da makirfo mai kyau. Takardar garanti kuma ba ta da amfani ga wanda zai mayar da kaya Faransa daga Tasawa.

Makaɗin da bai da PSR ya fara da shi. Wanda yake da shi, yana da tsayayyiyar wuta, ya kuma cinye watan gwaji bai gaji ba, ya sayi ƙaramar analog mai batir ko Minilogue ta hannu da ta ci jarrabawar azahar. Mai tsadar da ake haɗawa da hannu ba ta Tasawa ba ce tukuna, sai ranar da aka sami mai gyaranta a Maraɗi ko Damagaram.