Amsoshin Tambayoyinku: Yaya ake bin sawun goggon biri a daji?

Tambaya: Na ga hoton wasu baƙi a tsugune cikin ƙungurmin daji, goggon biri na gabansu yana cin ganye, babu shinge, babu keji. Yaya ake gano inda yake, kuma me ya hana shi far musu? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Malam, da alama goggon birin tsauni ka gani. Duk duniya wuri biyu kawai ake samun sa: tsaunukan Virunga, inda Ruwanda da Yuganda da Kwango suka haɗa iyaka, sai dajin Bwindi na Yuganda. Ƙidayar da aka bayyana a 2019 ta ce yawansu ya kai 1,063.

Gano su aikin masu bin sawu ne, yawanci 'yan ƙauyukan gefen dajin, kuma a ganina su suka fi cancantar yabo a harkar nan. Kowace yamma birin yakan tanƙwara rassa da ganye ya yi wa kansa sabon makwanci. Da asubar fari mutanen nan sukan koma inda suka rabu da garken jiya, su ƙirga makwantai don sanin ko kowa na nan, su duba kashi ko wani ba shi da lafiya. Daga nan sai su bi ciyawar da ta kwanta, da ragowar gorar da aka tauna, da shatin dunƙulen hannu a laka, domin a kan gaɓoɓin yatsu yake dogarawa in yana tafiya. In sun cim musu, sai su kira jagoran baƙi ta rediyon hannu. Tafiyar baƙin kan zama rabin awa, takan kuma cinye rabin yini, ga taɓo, ga ganye mai ƙaiƙayi, ga hawan da ke sa numfashi ya yi sama-sama.

Batun hari kuwa, garken da ake kai wa baƙi ba ya ganin mutum a matsayin baƙon abu. Ma'aikata kan shafe kimanin shekara biyu suna zuwa kusa da shi kullum har ya saba. Duk da haka uban garke, mai furfura a gadon baya, yakan fusata ya buga ƙirji ya yo kan mutane. Galibi barazana ce. Sai ka durƙusa, ka sunkuyar da kai, kada ka kuskura ka gudu.

Amma Malam, mu ne abin tsoro a wurinsa. Kusan kashi 98 cikin 100 na ƙwayoyin halittarmu iri ɗaya ne, don haka murar da za ka warke daga ita cikin kwana uku tana iya halaka shi. Shi ya sa mai tari ko mura ba ya shiga, haka wanda bai kai shekara 15 ba. Mutum takwas kacal ke ziyartar garke guda a rana, awa ɗaya tak, daga 'yar tazara, da takunkumi a baki.

Kuɗin ba na wasa ba ne. Tun 2017 Ruwanda ke karɓar dala 1,500 a kan kowane baƙo, ko da yake akwai rangwame ga 'yan Afirka. Tsadar tana ci mini rai, amma ina goyon bayanta, saboda da ita ake biyan masu gadin daji, kuma kashi 10 cikin 100 na kuɗin shigar gandun dajin yana komawa ga ƙauyukan da ke kewaye.

Nijeriya ma tana da nata goggon birin, a tsaunukan Afi da Mbe da yankin Okwangwo na Jihar Kuros Riba, har zuwa cikin Kamaru. Ba su kai 300 ba, kuma ba a kai musu baƙi. Farauta ta sa suna gudun mutum, masu kula da su kuma ba sa gaggawar cire musu wannan tsoron, domin birin da ya saba da mutane ba zai guje wa mai bindiga ba.