Tsakanin "Na Gani" Da "An Ce Mini"

Darasinmu na wannan mako a kan shaida ne, kuma abin da ya jawo shi wani zance ne da ya taso daga ƙasar Amurka, ya bazu cikin duniya.

Ran 26 ga watan Yuli, 2023, wani tsohon hafsan leƙen asiri na mayaƙan saman Amurka mai suna David Grusch ya tsaya gaban wani kwamiti na Majalisar Wakilan ƙasar, ya yi rantsuwa, ya ce gwamnati ta shekara da shekaru tana tattara tarkacen waɗansu jirage a ɓoye, jiragen da ba ƙirar ɗan Adam ba ne. Ya ce har an tsinci ragowar jikin halittun da ba mutane ba. Madogararsa ita ce mutum fiye da 40 da ya yi wa tambayoyi cikin shekara huɗu. Da aka tambaye shi ko ya ga gawarwakin, sai ya ce shi kansa bai gani ba, sunayen mutane da wurare kuwa sai a bayan labule.

A wannan zama ɗin aka saurari David Fravor, tsohon matuƙin jirgin yaƙi na mayaƙan ruwa. Shi ya ce a 2004, daura da gaɓar Kalifoniya, ya ga wani farin abu marar fukafukai yana shawagi, bai kuwa gane ko mene ne ba.

To, a nan darasin yake. Fravor ya faɗi abin da idonsa ya gani, Grusch kuwa mafi yawan zancensa abin da kunnensa ya ji ne. Malaman fiƙihu sun daɗe da rarrabe waɗannan biyu. Asalin shaida a wurinsu gani ne. Shaidar ji, wadda suke kira shahadatus sama'i, Malikiyya sun karɓe ta a waɗansu mas'aloli ƙididdigaggu, kamar nasaba da mutuwa da aure da waƙafi, shi ma da sharuɗɗa. Haka malaman hadisi, ko da mai ba da labari amintacce ne, sai sun tambayi daga wa ya ji. In ba a san mutumin ba, sai su ce majahuli ne, su ajiye ruwayar, ba don sun ƙaryata wanda ya kawo ta ba, sai don igiyar ta tsinke a tsakiya. Aya ta 6 ta Suratul Hujurati ita ce tushen wannan ɗabi'a ta bin diddigin labari kafin a yi aiki da shi.

A watan Maris na 2024 ofishin da Ma'aikatar Tsaron Amurka ta kafa domin wannan bincike ya fitar da rahoto, ya ce bai sami hujjar irin wannan shiri ba. Ya ce labarin yana kewayawa ne tsakanin mutane 'yan kaɗan, wannan ya ji daga wancan, wancan ya ji daga wannan. Sanannen abu ne cewa bakuna goma da suka sha daga rijiya guda, shaida guda ce.

Amma kada a ɗauka musun hukuma shi kaɗai hujja ne. A 1947 wani abu ya faɗo kusa da garin Roswell. Sojoji suka ce balan-balan ɗin auna yanayi ne. Sai a 1994 mayaƙan sama suka bayyana cewa na wani shirin asiri ne mai suna Mogul, na sauraren gwajin bam ɗin nukiliya na Tarayyar Sobiyat. Ashe an yi ɓoyo, sai dai abin da aka ɓoye ba baƙi ba ne daga wata duniya. Haka kuma, cikin rahotanni 12,618 da mayaƙan saman suka tara har zuwa 1969, guda 701 ba a gane su ba. Rashin ganewa kuwa ba ya tabbatar da komai face iyakar saninmu.

Musulmi ba ya ƙuntata ikon Allah, domin Shi Ubangijin talikai ne, Yana kuma halittar abin da ba mu sani ba. Saboda haka ba mu ce ba zai yiwu ba. Sai dai yiwuwa daban, tabbata daban. Wanda ya yi da'awa, a kansa kawo hujja yake. Kafin ta zo, matsayin mai hankali shi ne ya dakata, kada ya gaskata, kada ya yi izgili, kada kuma ya yaɗa.

Wannan ma'auni ba na labarin sararin sama kaɗai ba ne. Da shi za ka auna abin da aka ce maka game da maƙwabcinka. Tambayi mai maganar: ka gani, ko an ce maka?

Allah Ya nuna mana gaskiya, Ya ba mu ikon bin ta, amin. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.