Darasin Yau: Yaron Gona Ma Yana da Haƙƙi a Kanka



Sanyin bara, a wata gona da nake ba wa shawara, mun zuba 'yan tsaki a ɗakin reno, aka rufe tagogi da leda, aka hura gawayi. Yaron da ke kula da su ya ji ɗumi, ya kwana a ciki. Da asuba aka tarar da shi yana amai, ko tsayuwa ba ya iyawa. Sai asibiti. Allah ya sa da sauran kwanansa.

Ni na tsara zafin ɗakin da jadawalin rigakafi, amma ban taɓa ce masa kar ya kwana a ciki ba. Gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, ba ta da launi, tana kashe mutum cikin barci. Na karanta wannan a jami'a, shi kuwa ba wanda ya faɗa masa. Don haka laifin nawa ne.

To me doka ta ce?

Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta shafi duk wanda ya ɗauki ma'aikaci a Najeriya, har da na wucin gadi. Za ka yi rajista da hukumar NSITF, ka riƙa biyan kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da kake biya duk wata. Daga aljihunka, doka ta hana ka cire daga albashin yaro. In ya ji rauni a bakin aiki, zai sanar da kai cikin kwana 14, kai kuma ka kai rahoto cikin kwana 7. Dokar ƙwadago kuma ta ce ka ba shi takardar sharuɗɗan aiki kafin ya wuce wata 3.

Abin da za ka fara yau:

1. Ka bar kafar shigar iska a ɗakin reno, kuma kar kowa ya kwana da gawayi.
2. In ka shiga ɗakin kaji idonka ya yi yaji, amoniya ta yi yawa. A canza shimfiɗa, mai kwashewa ya sa takunkumi.
3. In za a turara ɗaki da fomalin, kowa ya fita, kar a koma sai iska ta ratsa.
4. Masu kifi, a kashe wutar famfo kafin a shiga ruwa, a gyara wayar da ta kware.
5. Kar a ɗauki mushen kaza da hannu tsirara, saboda murar tsuntsaye.

Jama'a, takalmin roba, safar hannu da takunkumi ba su kai kuɗin jinya ba. Kazar da ta mutu za ka sayi wata. Ɗan mutane fa, me za ka faɗa wa iyayensa?

Allah ya tsare mu, ya sa albarka a kiwonmu.