Darasi: Intanet Daga Sama, Wuta Daga Batir

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, ku da kuka gama ajin yaƙi da jahilci, darasinmu na yau na lissafi ne. Ku ɗauko alli ko fensir, za mu yi aiki tare.

1. Masu zama cikin mota

A ƙasar Amurka akwai mutanen da gidansu mota ce. Babbar mota ce mai ɗaki, da gado, da wurin dafuwa, da tankin ruwa. Wasunsu tsofaffi ne da suka aje aiki, wasu kuma suna aikinsu ta kwamfuta. In sanyi ya shigo, da yawa sukan gangara kudu, su sauka cikin hamadar jihar Arizona, kusa da wani ƙaramin gari mai suna Quartzsite. Inda suke sauka a daji babu igiyar lantarki. Dukan wutar da suke sha daga batir take fitowa.

Abin da ya dame su shi ne abin da ya dami ƙauyen da lantarki bai kai ba: yaya wutar da aka tara da rana za ta kai gobe?

2. Na'urar da suke ciyarwa

Kamfanin SpaceX na Amurka ya fara harba taurarin ɗan Adam na Starlink da yawa a shekarar 2019. Suna kewaya duniya a nisan kilomita 550 ko kusa da haka. Tauraron da ke kawo hoton telebijin ya fi su nisa ƙwarai, wajen kilomita 36,000. Kusancin nan shi ya sa saƙo ke zuwa da sauri. A 2022 kamfanin ya buɗe wa masu zaman mota hanyar tafiya da farantinsu duk inda za su. A 2024 ya fito da ƙaramin faranti mai suna Starlink Mini. A 2025 Starlink ya fara aiki da izinin hukuma a Nijar. Saboda haka lissafin nan ya shafe mu.

Babban faranti yana cin wat 75 zuwa 100. Ƙaramin yana cin wat 25 zuwa 40.

3. Gona, rumbu da baki

Ku riƙe misalin nan. Allon hasken rana, wanda ake kira pano, shi ne gona. Batir shi ne rumbu. Na'ura ita ce bakin da ke ci. Maigidan da bai san yawan tiyar da gidansa ke ci a yini ba, ba zai san ko rumbunsa zai kai shi kaka ba.

Tiyar wuta sunanta wat-awa. Na'urar da ke cin wat ɗaya, in ta yi awa ɗaya tana aiki, ta ci wat-awa ɗaya. Doka ta farko ke nan: wat sau awa.

Ƙaramin faranti, mu ce wat 30, awa 8 a yini: 30 x 8 = 240.
Babban faranti, mu ce wat 90, awa 8 a yini: 90 x 8 = 720.

4. Abin da ke cikin rumbu

Ku duba jikin batir, za ku ga lamba biyu, misali 12 V da 100 Ah. Ku ninka su: 12 x 100 = 1,200 wat-awa.

Amma ba duka ake ci ba. Batir mai ruwa, irin na darma, ba a son ya sauka ƙasa da rabi. Rabin da ya rage kamar iri ne: wanda ya cinye irinsa, baɗi ba shi da shuka. Batirin da ake tatsewa ƙarƙaf kullum ba ya daɗewa. Ke nan abin ci 600 ne kawai. Batir irin na litiyom ya fi tsada, amma ya fi sauƙin ɗauka, ya fi daɗewa, kuma ana iya cin wajen 1,000 daga cikin 1,200 ɗinsa. Shi ya sa masu zaman mota da yawa suka koma gare shi.

Yanzu ku raba. Batirin darma da ƙaramin faranti: 600 a raba da 240, kwana biyu da rabi. Batirin darma da babban faranti: 600 bai kai 720 ba, ko yini guda ba zai cika ba.

5. Ɗan tsakani mai cin nasa

Batir yana ba da wuta irin ta mota. Babban faranti kuwa an yi shi don wutar gida. Sai an sa wata na'ura a tsakani mai juya wutar batir ta zama ta gida. Wannan na'ura kamar dillali take, sai ta cire ladarta: wajen kashi ɗaya cikin goma na wutar yana tafiya a zafi. Da ita, 720 ya zama wajen 800. Kuma in an bar ta a kunne, tana ci ko ba ta aikin komai.

Ƙaramin faranti yana karɓar wutar batir kai tsaye, daga volt 12 zuwa 48, babu dillali. Sai dai in igiyar ta yi tsawo kuma siririya ce, ƙarfin wuta yakan ragu a hanya, farantin ya riƙa mutuwa yana tashi. Maganinsa gajeriyar igiya mai kauri, ko ƙaramar na'urar da ke ƙara volt.

6. Girman gona

Kada ku ƙirga rana daga fitowa zuwa faɗuwa. Ku ƙirga awa 5 na rana mai ƙarfi. Pano mai wat 100: 100 x 5 = 500. Ku cire kashi ɗaya cikin huɗu saboda zafi da ƙura da asarar igiya, saura 375.

Ƙaramin faranti ya ci 240, saura 135 don salula da fitila. Pano guda ya isa. Babban faranti na son 800. Pano biyu 750 suke bayarwa, ba su kai ba. Sai uku.

Masu mota suna da wata gona ta biyu: in injin yana tafiya, yana cika batir. Wanda ke zaune a ƙauye ba shi da wannan, don haka ya bar rara saboda ranar hadari da ranar hazo.

7. Tattali

Ku kashe faranti da dare da lokacin da ba mai aiki da shi. Awa 24 a wat 30 wat-awa 720 ne, ninki uku na 240.

An sa wa farantin dabarar ɗumama kansa don narkar da ƙanƙarar da ke zuba a ƙasashen sanyi. Ku kashe ta daga cikin salula, mu ba mu bukatarta.

Faranti na son sararin sama buɗe. Reshen gawo ko bango yana katse shi. Pano na son rana. Batir kuwa inuwa yake so da iska, domin zafi yana rage masa kwana. Ku share ƙura daga kan pano da tsumma mai laushi, da safe kafin ya yi zafi.

Tsakanin pano da batir dole a sa na'urar da ke tsai da caji in batir ya cika. Kusa da kan batir a sa fis, domin in igiyoyi biyu suka haɗu shi zai ƙone, ba ɗaki ba. Batir mai ruwa yana fid da iska mai kama wuta lokacin caji: kada a kusanto shi da taba ko fitilar kananzir. In ruwansa ya ragu, a ƙara tataccen ruwan batir, ba ruwan rijiya ba.

8. Aikin gida

a) Ƙungiyarku tana son ƙaramin faranti mai wat 30 ya yi awa 6 a yini. Wat-awa nawa zai ci?
b) Kuna da batirin darma 12 V, 150 Ah. Nawa ne abin ci a cikinsa?
c) Kwana nawa zai riƙe farantin in rana ba ta fito ba?

Ku yi lissafin nan tare a taronku kafin kowa ya fid da kuɗinsa. Wanda ya samo amsa ya bayyana wa sauran yadda ya yi. Amsoshi suna fitowa a lamba ta gaba.