Darasin Tarihi: Baba Mutuniyar Karo

In aka ce wa yaran makaranta su kawo tarihin ƙasarmu, sai ka ji sun jero sarakuna, wane ya yi shekara kaza, wane ya gaje shi. Ba laifi. Amma yau ina so mu dubi rayuwar wata tsohuwa wadda ba ta taɓa riƙe sarauta ba, ga shi kuwa ana karanta labarinta har a Ingila da Amurka.

Sunanta Baba. An haife ta wajen 1877 a Karo, wani ƙauye kusa da Zarewa cikin ƙasar Kano, ta ƙare kwanakinta a Giwa ta ƙasar Zazzau, ta rasu cikin 1951. Ubanta malami ne kuma manomi, asalinsu Barebari. Tana yarinya gidansu na da rinji da bayi. Ta ga zamanin da mace ba ta fita daji ita kaɗai don tsoron mahara, tana da shekara ashirin da wani abu Turawa suka ci Kano cikin 1903, ta kuwa ga yadda bayi suka watse, 'ya'yan gida suka koma noma da hannunsu.

Sau huɗu ta yi aure. Na fari na zumunta ne, iyaye suka haɗa, ta bi don ta faranta musu rai, daga baya ta fita. Na ƙarshe kuwa, bayan rasuwar mijinta na uku, shi ne irin wanda a kan ce auren takalmi, waɗansu su ce ɗauki-sandarka, watau mace na zaune a gidan kanta, miji shi ke zuwa. Allah bai ba ta haihuwa ba, amma ta yi riƙon 'ya'yan dangi, ta aurar, ta ga jikoki. Ungozoma ce kuma, yara da yawa a hannunta suka faɗo.

To, da me ta riƙe kanta? Nan ne darasin ya ke. Matan zamaninta, ko suna cikin kulle, ba su zauna hannu sake ba. Su yi kaɗi su sayar da zare, su dafa abin sayarwa su ɗora wa yara talla. Abin da mace ta samu nata ne, miji ba shi da iko da shi. Da shi ta kan sayi akuya, ta tara wa 'yarta kayan ɗaki, ta yi wa ƙawarta gudummawa ran biki, ita ma a rama mata in nata ya zo. Wanda ya ce wannan ba tarihi ba ne, sai ya gaya mana inda masaƙan Kano suka riƙa samun zare.

Yadda labarin ya iso gare mu abin lura ne. Wata Baturiya, Mary Smith, ta zo Giwa tare da mijinta M. G. Smith, mutumin Jamaika, mai binciken al'adu. Daga ƙarshen 1949 zuwa farkon 1950 ta riƙa zama da Baba, tsohuwa na faɗi da Hausa, ita tana rubutawa. Aka buga littafin da Turanci cikin 1954, mai labarin ta riga ta kwanta dama. Da an yi jinkirin shekara biyu, shi ke nan.

Sai dai ku tuna, Baba 'yar masu bayi ce, da idon gidansu ta ga duniya. Mutanen kudancin Zazzau, su Bajju da maƙwabtansu, su ne hari ya kan faɗa wa, matansu ma sun ga wannan zamani, amma ta ɗaya gefen. Waɗanda suka gani da ido sun shuɗe. Sauranmu 'ya'yansu da jikokinsu, su ma sun tsufa.

Ku ɗauki tsohuwar Madakiya wadda aka haifa wajen 1935. Ta taso ta tarar jirgin ƙasa ya riga ya mai da Kafanchan babbar mahaɗa tun 1927. Ta yi noman acca, ta ɗauki itace da kayan gona zuwa kasuwa da ƙafa, ta yi ciniki da sule da kwabo kafin naira ta zo cikin 1973, wataƙila ma da wannan ciniki aka biya wa uban ɗayanku kuɗin makaranta. Wa ya taɓa tambayarta?

Ga aikinku na hutu. Kowa ya nemi kakarsa, ko wata tsohuwa a unguwarsu, ya tafi da goro ko sabulu, ya gaishe ta yadda ya kamata. Kada ku tambaye ta shekara, gama ba da ita ta ke lissafi ba. Ku ce, “Kaka, sa'ad da kika yi aure wa ke sarauta? Nawa a ke sayar da mudun acca?” Ku bar ta ta yi magana da harshenta, ko Jju ne ko Hausa, ku rubuta yadda ta faɗa, kada ku gyara mata. In ta ratse ku ƙyale ta, sau da yawa a ratsen nan a kan sami abin da a ke nema. Kowa ya kawo shafi huɗu ran Litinin ta farko bayan an dawo.