Ɗan Kwangila, Faɗi da Bakinka Kafin a Tambaye Ka

Jama'ar Ɗambatta da Makoɗa da Kunci da Bichi da Bagwai, wannan takarda taku ce, musamman masu taɓa aikin gwamnati. A ƙasarmu gona na jikin gona, gida na kallon gida, ƙasar noma kuwa ba ta ƙaruwa sai dai gado ya yi ta yanka ta. Shi ya sa magidanta da yawa ke haɗa noma da 'yar kwangila: wani ya gina ajujuwa biyu, wani ya haƙa rijiyar burtsatse, wani ya yashe magudanar ruwa a madatsar Tomas ko ta Watari, wani ya ba da motarsa a ɗauki taki ko kayan zaɓe. Duk wanda aka ba irin wannan aiki an ba shi amana, kuma amana tana da wani sharaɗi da mutane ke mancewa. In wani abu ya sāke a halinka wanda zai iya taɓa aikin, kai ne za ka fara faɗa.

Misali daga gida

Kowa ya san yadda ake ba da akuya kiwo. In ta daina cin abinci, makiyayin kirki yakan aika wa mai ita tun tana tsaye. Wanda ya yi shiru har ta mutu, ya kawo fata, ko da gaskiyarsa ba za a sake ba shi ba, domin ba a san me kuma ya ɓoye ba. Ciwon akuya ƙaddara ne, amma shirun nasa ne.

Yadda Amurka ta mayar da abin doka

A Amurka kamfanoni masu zaman kansu ne ke ƙera wa soja makamai da na'urori, don haka ma'aikatansu na ganin asirin gwamnati. Kafin a bar mutum ya gani, sai an binciki tarihinsa an ba shi shaidar amincewa. Da daɗewa suka gane cewa bincike na rana ɗaya ba ya isa, don mutum yana sākewa. Aldrich Ames, jami'in hukumar leƙen asiri ta CIA, ya fara sayar wa Tarayyar Sobiyet asiri a 1985, ya sayi gida na dala 540,000 kuɗi hannu, abin da albashinsa ba zai iya ba, amma ba a kama shi ba sai a 1994. Edward Snowden kuwa, wanda ya fitar da takardun asiri a 2013, ma'aikacin wani kamfanin kwangila ne.

A 2017 wata ƙa'ida ta fara aiki wadda ta jera abubuwan da mai shaidar amincewa zai kai rahotonsu da kansa, a 2021 kuma aka ɗora ta a kan ma'aikatan 'yan kwangila. Zai faɗi tafiyar da zai yi ƙasar waje kafin ya tashi, ko da ta hutu ce. Zai faɗi hulɗa mai ɗorewa da ɗan wata ƙasa. Zai faɗa in an kama shi, ko ya karye, ko bashi ya wuce kwana 120 bai biya ba. Masu riƙe da babban asiri har aure suna faɗa, da duk wata dukiya ta dala 10,000 ko fiye da ta faɗo musu ba zato, kamar gado. Dalili shi ne, mai ɓoyayyen bashi ko ɓoyayyen abin kunya yana da igiya a wuya, kowa ya gano ta zai iya ja. Ranar da ya faɗa da bakinsa, igiyar ta tsinke. Don haka masu duba lamarin sukan sassauta wa wanda ya yi saurin faɗa, su tsananta wa wanda aka gano.

Abin da dokokinmu suka ce

Kada wani ya ce wannan al'adar Turawa ce. Dokar sayayya da ba da kwangila ta tarayya ta 2007, wadda ta kafa hukumar BPP mai sa ido kan ba da kwangila, ta shafi duk aikin gwamnatin tarayya da duk aikin da kashi 35 cikin ɗari na kuɗinsa ko fiye ya fito daga asusunta. Ta ce mai neman aiki ya zama ya biya haraji da kuɗin fansho na ma'aikatansa, kamfaninsa bai karye ba, kuma babu wani darakta a ciki da kotu ta taɓa samu da laifin zamba. Ta kuma wajabta masa takardar rantsuwa, inda zai bayyana ko akwai wani jami'in kwamitin ba da aikin da ke da hannun jari ko wata moriya ta kuɗi a kamfanin, ko ya taɓa zama darakta a cikinsa. Hukuncin karya wannan doka ba wasa ba ne. Mutum zai iya shan ɗaurin shekara 5 zuwa 10 ba zaɓin tara. Kamfani kuwa a hana shi aikin gwamnati aƙalla shekara 5, ya kuma biya tarar kashi 25 cikin ɗari na kuɗin aikin. Jihar Kano ma tana da tata dokar ba da kwangila, da hukumar karɓar koke-koke da yaƙi da cin hanci.

Dokar asirin gwamnati ta 1962 ta haramta miƙa takardun asiri ga wanda ba a yarje wa ba, ɗaurinta yana kaiwa shekara 14. Tsarin mulki na 1999 ya tilasta wa ma'aikacin gwamnati bayyana kadarorinsa ranar kama aiki, da bayan kowace shekara huɗu, da ranar sauka, kuma bai yarda ma'aikaci na cikakken lokaci ya gudanar da wata sana'a ba sai noma. Wannan ya shafe ka, domin in wani ma'aikaci ya ce ka ara masa sunanka ya karɓi kwangila, ku biyu ne cikin ramin. Direbobin ƙungiyar sufuri ma da suka ɗauki kayan zaɓen 2023, hukumar zaɓe ta sharɗanta musu rantsuwar rashin nuna ɓangare.

Addini ya riga dokokin nan duka. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tsawata wa mai karɓar zakka da ya ware wani abu ya ce kyauta aka yi masa. Sayyidina Umar yakan rubuta dukiyar gwamna lokacin naɗa shi, don a gane abin da ya ƙaru daga baya. A fiƙihun ciniki kuma, wajibi ne mai kaya ya bayyana aibin kayansa.

Abubuwan da za ka faɗa

Dokarmu ta fi nauyi a ranar neman aiki. Mai hankali ba ya tsayawa nan, yakan ci gaba da bayyana duk abin da ya taso har ranar miƙa aiki:

1. Dangantaka. In ɗan'uwanka ko surukinka ya shiga kwamitin ba da aikin ko duba shi, ko aure ya haɗa ku bayan an fara.
2. Bashi. In masu bin ka kuɗi sun matsa har kana tunanin taɓa kuɗin somin aiki.
3. Shari'a. In 'yan sanda sun kama ka, ko an kai ka kotu kan kuɗi.
4. Sākewar hannu. In ka sayar da aikin ga wani, ko ka shigo da sabon abokin tarayya.
5. Kyauta da roƙo. In wani ya nemi kasonsa, ko ya kawo maka alheri don ka nuna masa takarda ko ka gaya masa hanyar da motar kaya za ta bi.
6. Ɓata da ɓarna. In takarda, mabuɗi ko buhu ya ɓace, ko ruwa ya ci siminti.

Wa za ka faɗa wa, kuma yaya?

Ka faɗa wa jami'in da ke kula da aikin a ma'aikata ko ƙaramar hukuma, kuma a rubuce. Ka sa kwanan wata, ka yi kwafi biyu, a buga maka hatimin karɓa a ɗaya ka adana. In ba ka iya rubutu ba, ɗanka ko malamin makaranta ya rubuta, a karanta maka kafin ka sa hannu. Maganar baka a gindin bishiya ba ta zama shaida ranar da aka sāke shugaban ofis. In shi jami'in ne matsalar, ka wuce gaba zuwa hukumar koke-koke ta jiha, ko hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC in aikin na tarayya ne. Sanar da dagaci yana da kyau don zaman lafiya, amma ba ya maye gurbin takarda.

Uzurori uku

Wani zai ce, ai a nan kowa ɗan'uwan kowa ne. Gaskiya ne, kuma shi ya sa faɗar ta fi zama dole a nan. Zumunci ba laifi ba ne. In ka bayyana, sai ɗan'uwan ya janye daga zaman da za a yanke maganarka, ka ci aikinka da hujja.

Wani zai ce, sirrin gidana ne, tona shi abin kunya ne. Ba a ce ka yi shela a kasuwa ba, ofis ɗaya za ka gaya wa abin da ya shafi aikinsu. Ka kuma tuna a karkara labari ba ya kwana. Abin da ka ɓoye ran Juma'a, kafin kasuwar Ɗambatta ta watse ran Lahadi ya zaga.

Wani zai ce, in na faɗa za a ƙwace aikin. Yana iya faruwa. Amma wanda ya rasa aiki ɗaya saboda gaskiya zai nemi wani gobe, wanda aka kama da rantsuwar ƙarya kuwa ya rasa aikin, ya rasa shekara biyar, ya bar wa 'ya'yansa sunan da za a riƙa nuna su da shi. Ajin da aka bari ba rufi kuma, 'ya'yanmu ne ke zaune a ciki da damina.

Saboda haka kafin ka sa hannu a kowace takarda, a karanta maka ita duka. Bayan ka sa hannu, duk wata ka zauna ka bi abubuwan nan shida ɗaya bayan ɗaya, wanda ya taso ka rubuta ka kai a makon. Wanda ya karanta wannan takarda ya karanta wa maƙwabcinsa. Allah ya ba mu ikon riƙon amana, amin.